Gonar Marigayi da Takardar Girki

Kaduna, 12 ga Satumba, 2002

Zuwa ga Baba Dabo, a Baure.

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, da fatan gwiwar nan ta yi sauƙi ka koma cin kasuwar Mai'aduwa yadda ka saba. A gaida mini Inna, a ce mata kada ta yi wasa da maganin hawan jinin da na ba Auta direba ya kawo. Ina gaida babban ɗanka, Yaya Yazid, da iyalinsa. Ni ina nan lafiya, sai godiyar Allah.

Baba, na kwana uku ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Kai da mahaifina 'ya'yan wa da ƙani ne, amma tun da ya rasu kai ka riƙe mu, kai kake noma mana gonarsa ta bakin rafi, ba ka taɓa gajiya ba. Shi ya sa ba ni da wanda zan kai wa kukana sai kai.

Ka san na gama ƙaramar difloma a sashen girki da kula da baƙi, kuma shekarar koyon aiki da nake yi a otal ɗin nan za ta ƙare a ƙarshen Nuwamba. To, sunana ya fito cikin waɗanda kwalejin ta ɗauka su yi babbar difloma. Shekara biyu ce. Da kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da kayan aiki, wuƙaƙe da fararen riguna da sauransu, abin zai kai naira dubu tamanin. Za a rufe biya a ƙarshen Janairu, wanda bai biya ba an ba wani gurbinsa.

Na duba gabas da yamma ban ga inda kuɗin nan za su fito ba sai gonar. Ina roƙonka ka sayar da ita. Na yarda, na kuma wakilta ka. Idan Allah ya sa na gama na samu aiki, Inna ba za ta rasa hatsi ba, zan riƙa aiko da kuɗin buhu duk wata.

Na san maganar tana da nauyi. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Suhaibu

Baure, 29 ga Satumba, 2002

Ɗana Suhaibu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, kasuwa sai Yazid ke zuwa mini. Innarka tana shan magani, tana sa maka albarka. Ka yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Na karanta sau uku, na ninke, na sa a aljihu, ban gaya wa innarka ba tukuna. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Suhaibu, bara gonar nan ta ba da dami arba'in na gero da buhu uku na wake. Shi innarka take ci har yau. Shekara talatin ina cinikin dabbobi, ban taɓa sayen bijimi ba sai na buɗe bakinsa na ga haƙora, na kora shi na ga tafiyarsa. Yanzu kana so in ba da ƙasa in karɓi takardar da ban san me take haifarwa ba. Ba ƙi nake yi ba. Tsoro nake ji. Dukiyar maraya wuta ce, kuma ni za a tambaya gobe kiyama.

Akwai wata maganar, gara ka ji daga bakina. Rannan bayan la'asar muna zaune a ƙofar masallaci, wani ya tambaye ni me kake karanta. Na ce aikin kula da baƙi. Sai ya ce ai ya sani, girki ne, namiji da ludayi, irin mazan nan masu suya a bayan tasha. Aka yi dariya. Na tashi na shiga gida, zuciyata tana tafasa. Kuma ka san tun da aka ƙaddamar da shari'a, duk wani wuri mai suna otal a ƙasar nan ana yi masa wani irin kallo. Na kan hanyar Daura ma kwaɗo ne a ƙofarsa. To idan ka gama, ina za ka yi aikin? Ko ka bar mu ke nan?

Ka amsa mini abu uku tsakaninka da Allah. Nawa mai babbar takardar nan yake ɗauka a wata? Ka san wani da idonka wanda ta rufa wa asiri? Sannan wurin da kake, ana sayar da giya?

Sai na ji daga gare ka.

Babanka,
Dabo

Kaduna, 21 ga Oktoba, 2002

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku baki ɗaya, Allah ya ƙara sauƙi, ya kai mu azumi lafiya. Na yi jinkiri ne don in tambayi mutane, kada in rubuta maka abin da ban tabbatar ba.

Zan fara da ta ƙarshe. Ana sayar da giya, amma a wani gini daban can bakin ƙofa. Ban taɓa shiga ba, ba ta zuwa kicin ɗinmu. Ba zan ɓoye maka ba, ran nawa bai kwanta da hakan ba, kuma yana cikin dalilan da nake son babbar takarda, don mai ita yana iya samun aikin ciyar da marasa lafiya a asibiti, ko ya koyar a makaranta.

Game da albashi, mutum uku zan ba ka labarinsu. Akwai Malam Hussaini, babban kukunmu. Bai taɓa shiga aji ba, da wanke-wanke ya fara shekara ashirin da biyu da suka wuce. Yanzu dubu goma sha takwas yake ɗauka, kuma in ya yi zazzaɓi manaja da kansa yake zuwa gaishe shi. Akwai wata Khairunnisa da ta riga mu a kwaleji, tana da babbar difloma, ita ke shugabantar kicin na wani babban asibiti a Abuja. An ce dubu talatin da biyar take ɗauka, ga gida. Wannan an ce ne, ban gani da idona ba. Na uku kuwa na gani. Ajinsu ɗaya da ita, takardarsu ɗaya. Shekara huɗu yana yawo da takardar a cikin leda. Makon jiya shi ya ɗauko ni a kan babur daga kasuwa, acaɓa yake yi. Da na ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in riƙe, ni ma zan buƙata.

Baba, tun ranar nake jin faɗuwar gaba. Na gaya wa Malam Hussaini, yana yanka albasa bai ko ɗago ba, ya ce, “Takarda ba ta dafa miya, amma tana buɗe ƙofar da ni har in mutu ba za a buɗe mini ba.” Na ce to me zan yi? Ya ce, “Ni ban taɓa mallakar gona ba, ban san zafin rabuwa da ita ba. Kada ka tambaye ni.”

Maganar ƙofar masallaci ta yi mini ciwo, amma saboda kai ne, ba saboda ni ba. Ni ina son aikin nan. Ranar da muka ciyar da mutum ɗari huɗu a wani biki, abinci ya fita da zafinsa, ba wanda ya jira, na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Ka ba ni zuwa bayan Sallah in ƙara tunani.

Ɗanka,
Suhaibu

Baure, 24 ga Nuwamba, 2002

Suhaibu,

Salamu alaikum. Kana ina? Kana lafiya?

Kwana uku ke nan rediyo ba ta da magana sai rikicin Kaduna. An ce an kashe mutane, an ƙone gidaje da wuraren ibada, an ce har da otal-otal. Auta ya ce ko nawa za a ba shi ba zai sa motarsa a hanyar ba. Wani mai babbar mota da ya fito ya ce da idonsa ya ga ana loda samari a motar soja, wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Innarka ta ji a gidan maƙwabta. In an sha ruwa dabino ɗaya take ci ta ture kwano. Jiya jiri ya ɗebe ta a bakin murhu. Ni kuma duk motar da ta tsaya a tasha sai na ja ƙafa na je na duba.

Zan ba wani mai kai tumaki Zariya takardar nan, ko Allah zai sa ta kai. Ka bar maganar makaranta, ka bar maganar gona. Layi ɗaya kawai muke so.

Dabo

Kaduna, 27 ga Nuwamba

Baba, ina raye. An riƙe mu mu huɗu, an sallami sauran. Sojoji ne a ƙofa, ba a barinmu fita. Ban san ranar da zan samu zuwa ba. Mai kai takardar yana sauri. Kada Inna ta tayar da hankalinta. Ku yi mana addu'a.

Suhaibu

Baure, 3 ga Disamba, 2002

Ɗana Suhaibu,

Allah ya sa wannan ta same ka da sauran ƙarfinka. Na ba Yazid ita, in sun yarda ya gan ka zai damƙa maka hannu da hannu.

'Yar takardarka ta iso ranar Asabar. Auta ya ce wani mai kayan miya ne ya bar ta a tasha, bai san daga ina ta fito ba. Na karanta a tsaye. Na kai wa Liman, shi ma ya karanta ya yi salati. Duk wanda muka tambaya ya ce waɗanda sojoji suka tsare, in ba a bi su da wuri ba, ana kwashe su a kai inda ba a sani ba, kuma bin sawunsu yana son kuɗi, ga lauya ga beli.

Ban iya ɓoye wa innarka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, “Malam Dabo, me gona za ta yi mini in babu shi? A sayar.”

Na fara da abin hannuna. Bijimin nan guda da ya rage mini ya rame, ba a taya shi da abin kirki ba. Sai na aika wa Alhaji Kabo, wanda gonarsa ke iyaka da taku, ka san ya daɗe yana sonta. Ya ga idona ya san a matse nake. Gonar da ko bara an taya ta dubu ɗari da arba'in, ya tsaya a kan dubu casa'in, ya ce in ban so ba in nemi wani. Ana jibi Sallah wa zan nema? Mai gari ya ce gonar taka ce, kai kuma baligi ne, ina shaidar ka yarda? Na fito da takardarka ta watan Satumba inda ka rubuta ka wakilta ni. Aka karanta a gaban shaidu huɗu, aka yi ciniki, aka shafa fatiha.

Kuɗin suna ɗaure a ƙugun Yazid. Zai fara da otal ɗin ya tambayi barikin da aka kai ku. Kada ka sa hannu a kan wata takarda da ba ka karanta ba. Kada ka yi musu gardama. In sun buge ka ka yi haƙuri, ka riƙe addu'a.

Da ƙafata za ta kai ni, da ni zan zo.

Babanka,
Dabo

Kaduna, 9 ga Disamba, 2002

Baba,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, ba kama ni aka yi ba.

Ina gaishe ku, ina yi muku barka da Sallah. Jiya da hantsi ina tsaye ina juya shinkafa, mai gadi ya ce ina da baƙo. Na fito da farar rigata da hula, sai ga Yaya Yazid, idonsa ya yi ja, Sallah ta hana shi samun mota, sannan ya kwana biyu a hanya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai, an sako ka?” Na ce, “Wa ya kama ni?” Sai ya zauna a ƙasa nan inda yake.

Abin da nake nufi shi ne, da rikici ya kori baƙi, otal ya sallami masu koyon aiki da rabin ma'aikata, ya riƙe mu mu huɗu mu ci gaba da aiki. Sojojin da ke ƙofa gadin wurin suke yi, dokar hana fita ce ta hana mu motsi. Mutum fiye da ɗari biyu suka gudo suka fake a harabar, mata da yara, Musulmi da Kirista, mu huɗu muke dafa musu. Mai kawo mana tumatir ya ce minti biyu zai ba ni, na rubuta a kan gwiwata. Ban sake karantawa ba. Laifina ne, Baba, ba naka ba. Takardar da Yaya Yazid ya ce ka aiko mini a farkon rikicin ma ba ta zo hannuna ba.

Malam Hussaini ya fita ranar Alhamis ɗin da aka fara, ya ce zai duba iyalinsa ya dawo. Har yau bai dawo ba. Mun je unguwarsu, gidan babu rufi. Wani ya ce sun gudu ƙauye, wani ya ce ba haka ba. Ni nake tsaye a wurinsa yanzu. Manaja ya ce zai riƙa ba ni dubu bakwai a wata, kuma kada in sa rai da ƙari, don shi ma bai san ko otal ɗin zai kai baɗi ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Kwana biyu kafin rikicin na riga na yanke shawara, na rubuta maka doguwar takarda cewa a bar gonar, na haƙura da babbar difloma, zan bi hanyar Malam Hussaini a hankali. Tana nan a aljihun jakata, ban samu mai kaiwa ba.

Ban taɓa kuɗin ba. Na mayar wa Yaya Yazid yadda ya kawo su. Don Allah ka koma wurin Alhaji Kabo, ka nuna masa wannan, ka roƙe shi. Na ga yadda wurin aiki yake zama toka a yini ɗaya. Ina tsoron in wayi gari babu aikin, babu gonar, Inna tana jiran kwanon wani.

Ɗanka,
Suhaibu

Baure, 21 ga Disamba, 2002

Ɗana Suhaibu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kake raye, da kake kan ƙafarka. Da Yazid ya faɗa, innarka ta yi sujada, a ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Allah ya bayyana Malam Hussaini cikin aminci, mun sa an yi masa addu'a ranar Juma'a.

Na je wurin Alhaji Kabo sau biyu, na biyun tare da Liman. Ya karɓe mu da fara'a, ya ba mu tabarma, ya ce ciniki ya faɗa a gaban shaidu. In muna so zai sayar mana a kan dubu ɗari da sittin. Na hau mota na je Daura na tambayi wani malami da ya san hukuncin ciniki. Ya karanta takardunka duka, ya ce ka wakilta ni a rubuce, janyewar kuma ba ta iso ni ba sai bayan an gama, don haka babu abin da alƙali zai warware. Shekaranjiya na ga amalanken Alhaji yana zuba taki a wurin. Na juya na bi ta wata hanya.

Ka ce laifinka ne. A'a. Ni ne babba. Da na tura Yazid ya gani da ido kafin in kira mai saye, da ba a yi haka ba. Wata biyu ina hana ka gonarka don ina tsoron asara, sai ga shi ni na yi asarar da hannuna cikin yini ɗaya.

Ga abin da na yi. Ranar Laraba na kira mai gari da Liman da shaidun nan huɗu, muka je gonata ta gabas. Na sa aka auna daidai faɗin ta mahaifinka, aka kafa duwatsu, na ce kyauta ce na ba Suhaibu ɗan marigayi, innarsa za ta ci amfaninta. An rubuta, na dangwala hannu. Ƙasar ba ta kai taku kyau ba, jigawa ce, amma tana yin gero. Kada ka rubuto ka ce ba ka karɓa ba, an riga an shafa fatiha.

Kuɗin kuma Auta zai kawo maka su ranar Litinin. Ka je ka biya makaranta. Kada ka ɗauka na gamsu ne. Har yanzu ban san ko takardar nan ta kai gona ba, ina jin kai ma ba ka sani ba, kuma na san akwai mai acaɓa kamar yadda akwai ta Abuja. Amma gonar ta riga ta tafi, kuɗi kuwa in suka kwana a ɗaki sai sun samu hanyar fita. Mutumin da ya ciyar da ɗari biyu ana harbi a waje, ba ni zan ce masa ya ajiye ludayi ba. Na faɗi haka a ƙofar masallaci, ba wanda ya yi dariya.

Yazid kwana uku ke nan yana gaishe ni daga bakin zaure, ba ya shigowa. Yana da gaskiyarsa, gadonsa na rage. Zai huce, ko kuma ba zai huce ba. Wannan tsakanina da shi ne, kada ka sa baki.

In ka biya, ka aiko da rasit ɗin. Innarka ba ta iya karatu ba, amma ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai ta riƙe shi a hannunta.

Babanka,
Dabo